Sitiyari ba ya ɓoye gyangyaɗi

Da zarar kakar tumatir ta kankama a gonakin noman rani na Kura da Bunkure, waɗanda madatsar ruwa ta Tiga ke shayarwa, sai manyan motoci su cika kasuwar Kwanar Gafan. Daga nan zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, ga shi tumatir ba ya jira. Shi ya sa direba kan raba dare yana tuƙi, yana korar barci da goro da shayi.

Amma barci ɓarawo ne, kuma a sitiyari sawunsa ke fara bayyana. Direban da ke farke yana gyara shi kaɗan-kaɗan ba fasawa. Wanda gyangyaɗi ya kama kuwa yakan sake shi, mota ta karkata, ya farga ya fizgo ta da ƙarfi. Idan yana gudun kilomita 80 a sa'a, runtsawar daƙiƙa 4 tafiya ce ta kusan mita 90 ba mai kallon hanya.

Wannan fizgar ce na'urar Attention Assist, wadda kamfanin Mercedes-Benz ya fito da ita a 2009, ke ganowa ta gargaɗi direba. Tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta irinta a sababbin motoci.

Tsofaffin motocinmu ba su da ita, amma suna da yaron mota. A koya masa alamun nan, a kuma ba shi bakin cewa, "Maigida, a tsaya a huta." Masu kaya kuma su yarda da kuɗin direba na biyu. Kwandon da ya ruɓe, gona za ta mayar da shi baɗi. Direban da ya rasu, 'ya'yansa ba su da madadinsa.