Ba Rana Ce Kaɗai Ke Dafa Injin Babur Ba

Daga Maris zuwa Afrilu, duk bakaniken da ke aiki tsakanin Maska da Funtua ya san ƙorafin da zai fi ji: babur na ɗaukar zafi, ƙarfinsa na raguwa a hawa, in an kashe shi sai ya ƙi tashi har ya huce. Mai babur kan ɗora laifin a kan rana da tsufa, ya fara lissafin kuɗin sauke inji. A ganina rana 'yar rakiya ce kawai. Abin da ya fi dafa tsofaffin Boxer da Jincheng na wannan yanki shi ne dabarun tsimin da tsadar rayuwa ta koya wa masu su, kuma akasarinsu ana gano su ba tare da an kwance inji ba.

Waɗannan babura ba su da lagireto. Cikin ƙarfin fetur ɗin da suke ƙonawa, abin da ke juya taya bai kai kashi ɗaya bisa uku ba, sauran zafi ne da dole ya fita. Wani ya bi salansa, wani iska ta kwashe shi daga haƙarƙarin ƙarfen da ke kewaye da silinda, wani kuma baƙin mai ya ɗebe shi daga cikin inji. Kan silinda mai lafiya kan wuce digiri 150 yana aiki, don haka tazarar da ke tsakanin sanyin hunturu da digiri 40 na bazara ba ita za ta kashe shi ba. Kamfanin Bajaj mai ƙera Boxer ma a Indiya yake, inda zafin bazara bai gaza namu ba. Rana tana tona asirin injin da dama can yake da matsala ne.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, roƙon da ake yawan yi wa bakanike shi ne: “Oga, a rage masa shan mai.” Sai a taɓa kafireto, a sauke allura ko a sa ƙaramin jet, iska ta fi fetur yawa. Babur zai rage sha, gaskiya ne. Amma fetur ba wuta kaɗai yake bayarwa ba, ɗan rarar da ke shiga tana sanyaya fistin da bawul. In aka hana inji wannan rara, su biyun ne ke gasuwa. Haka abin yake idan robar da ke haɗa kafireto da inji ta tsage, ko aka cire filtar iska aka yar saboda ƙura ta toshe ta. Shaidar tana jikin fulogi. A kwance shi bayan tafiya a duba bakinsa: in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau, in ya yi baƙi da toka, fetur ya yi yawa, in kuwa ya yi fari fat kamar alli, injin yana cikin yunwa, kuma fistin ne zai biya kuɗin man da aka tsimi.

Sai baƙin mai. Abin da irin wannan inji ke ɗauka bai wuce kusan lita guda ba, saboda haka ƙaramar raguwa babba ce a wurinsa. Tsohon inji da zobensa ya ci yana ƙona mai a hankali, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na fita a salansa, mai shi kuma bai zaro sandar awo ya duba ba sai ranar juye. Ga man awo da ake zubawa daga galan marar suna, wanda ba wanda zai rantse da kaurinsa. Mai da ya tsinke ba ya riƙe fuskar ƙarfe idan zafi ya hau, shi ya sa ake son mai kauri irin 20W-50 ga tsohon inji a ƙasa mai zafi.

Ragowar abubuwan a fili suke. Lakar damina da ta bushe tsakanin haƙarƙarin silinda, ta haɗu da man da ke yoyo, tana hana iska taɓa ƙarfe. Birkin da ke kamawa, sarƙar da aka ɗaure tamau, taya marar iska da kulocin da ke sulɓewa duk suna sa inji wahala a banza. Bawul da aka matse fiye da ƙima ba ya rufuwa sosai, kuma ta wurin rufuwar nan yake miƙa zafinsa ga kan silinda.

Za a ce wannan magana ce ta wanda bai san ƙauye ba. Manomin da zai kai masara Dandume ko ya ɗauko taki daga Funtua ba shi da wata mota, dole ya ɗora wa babur buhu biyu, ya bi hanyar burji a giya ta ɗaya. Haka ne, kuma ba na cewa ya daina. Sai dai a wannan tafiyar ce inji ke aiki iyakar ƙarfinsa, iskar da ke buga shi kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Baburin da aiki ya hana shi iska bai kamata a ƙara hana shi fetur da mai ba. Ɗan acaɓan da ke yawo da fasinja ɗaya a kan kwalta zai iya daɗewa bai ga illar matse kafireto ba. Mai ɗaukar buhu shi zai fara gani.

Wasu kuma za su ce akwai injin da ya gama rayuwarsa. Akwai shi, kuma yana da alamu: hayaƙin da ba ya yankewa, kik da ke sauka ba nauyi, ƙarar ƙwanƙwasa daga ciki. Irin wannan sai an buɗe shi. Amma sabon fistin da aka sa a ƙarƙashin kafireton da bai gyaru ba, shi ma ƙonewa zai yi. Wanda zafi ya kama a hanya kuwa ya nemi inuwa ya kashe inji ya jira. Watsa masa ruwan leda, kamar yadda ake yi a tasha, na iya lanƙwasa kan silinda ko ya tsaga shi, domin alminiyon ba ya jure sanyin farat ɗaya.