Ina Masana Kimiyya a Kan Takardun Naira?

Duk dattijon da ya yi ciniki a kasuwar Yelwa a shekarar 1973 zai iya tuna sabuwar takardar naira goma da ta fito a wancan lokaci. A bayanta akwai hoton madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, wadda kuma tafkinta ya tashi garuruwa da ƙauyuka masu yawa a ƙasar Yawuri. Ke nan an taɓa karrama aikin injiniyoyi a kan kuɗinmu. Amma masanan da kansu fa?

Mai karatu, zaro takardun da ke aljihunka ka duba. Za ka ga Tafawa Balewa, da Murtala Muhammed, da Awolowo, da Sardauna, da Azikiwe. Akwai malamin makaranta Alvan Ikoku a kan naira goma, da maginiyar tukwane Ladi Kwali a bayan naira ashirin, da tsofaffin gwamnonin Babban Banki, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, a kan naira dubu. Dukkansu sun cancanta. Sai dai babu masanin lissafi ko na kimiyya ko guda ɗaya.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. Kafin zuwan kuɗin Yuro a 2002, takardar maki goma ta Jamus tana ɗauke da hoton Carl Friedrich Gauss tare da zanen lanƙwasar nan mai siffar ƙararrawa da masana ƙididdiga ke aiki da ita. A 2003 Iraƙi ta sanya Ibn al-Haisam, masanin haske da gani, a kan dinari dubu goma. Ingila kuwa ta sanya Alan Turing, ɗaya daga cikin magabatan ilimin kwamfuta, a kan fam hamsin a 2021.

Mu ma ba mu rasa namu ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafillace daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 inda ya bayyana hanyar tsara hatimi, wato gidajen lambobi waɗanda jimillar kowane layinsu ɗaya ce, a tsaye ko a kwance ko a karkace. A mafi ƙanƙanta mai gida tara, lambobi 1 zuwa 9 suna ba da 15 ta kowace fuska. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba a bar mana hotonsa ba, amma hatimin ya isa ya tsaya a madadinsa, kamar yadda aka zana aikin Gauss.

Takardar kuɗi tana shiga inda littafi bai kai ba: kwalekwalen masunci a Ngaski, rumfar mai kifi a Shanga, hannun ɗan makaranta a Yelwa. Yaron da ya tara lambobin nan ya samu 15 ta ko'ina, lalle zai tambayi dalili. Daga wannan tambayar ake fara zama masani.