Ƙurajen Leɓe da Lafiyar Jarirai

Da wuya a sami gidan da ba a san ƙananan ƙurajen nan masu ruwa ba, waɗanda kan fito a gefen leɓe bayan mutum ya yi zazzaɓi ko mura. Jama'a kan ce ai zazzaɓin ne yake fita, don haka ba a ɗaukarsu a bakin komai. Ga babban mutum haka abin yake, domin sukan bushe da kansu cikin kwana 7 zuwa 10. Amma ga jariri sabon haihuwa lamarin ya sha bamban.

Asalin ƙurajen

Ba zazzaɓi ne yake haifar da su ba. Wata ƙwayar cuta ce daga jinsin bairos, wadda masana ke kira hapis nau'i na ɗaya. Tana shiga jiki ta hanyar yawu ko taɓa ƙurjin kai tsaye, galibi tun mutum yana yaro. Bayan kamuwar farko sai ta bi jijiyar saƙo ta fuska, ta je ta ɓuya a wani ƙulli na jijiyoyi da ke gindin ƙoƙon kai, inda za ta zauna muddin rai. Duk sa'ad da jiki ya raunana saboda zazzaɓin cizon sauro, ko gajiya, ko damuwa, ko zafin rana, sai ta farka ta biyo jijiyar ta dawo leɓe. Wato zazzaɓi tada ita kawai yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kimanin mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da ita. Da yawansu ba su taɓa ganin ƙurji ba. Ashe ke nan ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ba ce.

Yadda take isa ga yara

Makusanta ne suka fi sa wa yaro ita, ba tare da sun sani ba. Daga cikin hanyoyin akwai sumbatar yaro a baki ko fuska, da tauna abinci a ba shi, da ɗanɗana koko da cokalin da za a ɗura masa, da shan ruwa a moɗa ɗaya, da taɓa ƙurji sannan a taɓa shi. Haɗarin ya fi yawa tun daga lokacin da mutum ya fara jin ƙaiƙayi a leɓe har ƙurjin ya warke sarai, ko da yake wani lokaci ƙwayar kan fito cikin yawu ba tare da ƙurji ba.

Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 idan ya kamu, sau da yawa ba a ganin komai. Wani kuwa yakan yi zazzaɓi, dasashinsa ya kumbura, bakinsa ya cika da gyambuna, ya ƙi ci da sha har kusan mako biyu. Abin tsoro a nan shi ne ƙarancin ruwa a jiki, saboda haka a yi ta ba shi abin sha kaɗan-kaɗan. Idan ƙurji ya kusanci ido, ko yaron yana da ciwon fata mai ƙaiƙayi, a kai shi asibiti.

Makonni shida na farko

Garkuwar jikin jariri ba ta gama ƙwari ba, don haka ƙwayar na iya bazuwa zuwa hanta da huhu da ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa ko ta bar nakasa. Ba a cika samun haka ba, domin ƙiyasin hukumar bai wuce jarirai 10 cikin 100,000 ba, kuma mafi yawansu wajen haihuwa suke kamuwa. Duk da haka, kason da ke kamuwa daga masu ɗaukarsu shi ne mafi sauƙin karewa.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan makonni sun yi daidai da kwana arba'in na jego, lokacin 'yan barka, da kuma ranar suna, inda jariri kan bi hannu da yawa a wuni guda. Idan jariri ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko jikin ya yi sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, a garzaya asibiti ko babu ƙurji ko ɗaya. Akwai magani mai suna asaikulobir da ake sa masa ta jijiyar jini tsawon kwana 14 zuwa 21, kuma amfaninsa yana ga fara shi da wuri. Maganin antibayotik ba ya kashe bairos.

Abin da ya kamata a yi

Mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri ko ya kai bakinsa kusa da fuskarsa, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke shi. Mai jego da ƙurjin ya fito mata a leɓe za ta ci gaba da shayarwa, sai dai ta rufe bakinta da takunkumi, ta yawaita wanke hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin baki, domin da wuya mai jego ta iya hana surukarta ɗaukar jika. A nan aikin kaka ne ko ungozoma ko maigida su yi bayani cikin ladabi, kamar a ce: "Gwaggo, a yi haƙuri har bakin ya warke, jaririn bai yi ƙwari ba tukuna." Malamai su koyar da wannan a darasin kiwon lafiya, ɗalibai kuma su isar da shi gida, tun da yawancinsu suna goyon ƙannensu. Haƙurin kwana goma bai kai wahalar jinyar jariri ba.