Abubuwan mamaki daga jadawalin sinadarai

Zinariya da zaiba maƙwabta ne a jadawalin sinadarai, gida na 79 da na 80. Lambar gida ita ce yawan furoton da ke cibiyar ƙwayar zarra. Ke nan furoton ɗaya tal ya raba sarƙar wuyan amarya da ruwan ƙarfen nan mai guba da ba ya kamuwa a hannu.

Ita kanta ƙwayar zarrar kusan fanko ce. Ernest Rutherford ya bayyana haka a 1911, bayan mataimakansa sun yi ta harbin siririn fallen zinariya da wasu ƙananan ƙwayoyi. Galibinsu suka ratsa suka wuce abinsu, 'yan ƙalilan suka dawo da baya. Da za a hura ƙwayar zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar gero ba, amma can kusan duk nauyin yake.

Wanda ya fi burge ni shi ne Dmitri Mendeleev ɗan Rasha. Da ya jera sinadarai a 1869 sai ya bar gurabe, ya ce masu su na nan tafe, har ya faɗi nauyinsu. A 1875 wani Bafaranshe ya gano ɗaya daga cikinsu, galiyam, ya auna shi. Mendeleev, wanda bai taɓa sa ƙarfen a ido ba, ya aika masa cewa ya sake awo. Aka sake, ashe shi ke da gaskiya. Galiyam ɗin nan ba ya jure zafin digiri 30, narkewa yake yi; a watan Afrilu a Sakkwato sai dai a kwashe shi da cokali.

Hennig Brand na Hamburg kuwa zinariya ya je nema cikin fitsari a 1669. Ya yi ta dafawa, ya ƙare da fosfaras mai haske cikin duhu, wanda yau ke cikin takin zamani.

An hango heliyam a hasken rana a 1868, ba a same shi a ƙasa ba sai 1895.

Gishirin miya haɗin sodiyam ne, mai kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, da kuma kulorin, iskar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yuraniyam da ake haƙa a Arlit ta Nijar shi ne na 92. Jadawalin ya tsaya a 118, oganeson, wanda ƙwayoyi kaɗan kawai aka taɓa ƙerawa, kowace ta tarwatse kafin ƙiftawar ido.