Hattara Da Masu Ba Da Aikin Sayayya A Ɓoye

A 'yan shekarun nan akwai wani irin saƙo da yake yawan shigowa wayoyin jama'a, musamman samari masu neman aiki a Ikko da Badun da Fatakwal da sauran manyan garuruwan Kudu. Saƙon yakan zo ta WhatsApp ko Telegram ko Facebook, cikin Turanci mai daɗin karatu, yana cewa wai wani babban kamfani yana neman mutanen da za su riƙa shiga kantuna da bankuna suna ciniki a ɓoye, su rubuto rahoto, a biya su. Ba a neman takardar makaranta, ba a tambayar ko mutum ya taɓa yin aikin, ba kuma sai ya bar sana'arsa ba. Ga maigadi a Ikeja, ko mai shayi a Obalende, ko yaron da ke dakon tumatir a kasuwar Mile 12 yana lissafin abin da zai aika gida kafin Salla, lalle wannan magana ce mai shiga rai.

Abin da ya sa tarkon yake kama mutane shi ne aikin kansa ba ƙarya ba ne. Yana nan, ana yinsa, ana kuma biyan masu yinsa. Macuta ne suka fake da sunansa. Hanyar rarrabe na gaskiya da na ƙarya kuwa ba ta da wuya: mutum ya duba daga hannun wa kuɗi za su fito, hannun wa kuma za su shiga.

ASALIN AIKIN

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san dabarar. Maigida mai shaguna biyu ko uku a Agege ko Sabon Badun, in yana shakkar yaronsa, sai ya sami wani wanda yaron bai sani ba, ya ba shi kuɗi ya ce ya je ya sayi kaya kaza, ya komo ya gaya masa nawa aka sayar masa, da irin tarbar da aka yi masa. To, wannan ita ce dabarar da Turawa suka mayar sana'a, suna kiran mai yinta mystery shopper, watau mai sayayya a ɓoye. Tun wajen shekarun 1940 ake yinta a Amurka, da fari don gano ma'aikatan kanti masu ɗan hali, daga baya kuma don auna yadda ake kula da masu ciniki. A nan Nijeriya ma bankuna da kamfanonin waya da manyan kantuna sukan sa a yi musu irin wannan bincike.

Amma fa aikin na gaskiya ƙarami ne. Ba kullum ake samunsa ba, ladansa kaɗan ne, ba kuma a biya sai bayan mutum ya kai rahoto an karɓa. Wani lokaci akan ce ya sayi ɗan wani abu da kuɗinsa, kamar abinci kwano ɗaya, ya riƙe rasiɗi, a mayar masa. A nan ma kuɗin a kan kantar shagon da kowa yake gani ake biyansu, ba a aika su cikin asusun wani wanda ba a sani ba. Babu wanda ya taɓa gina gida da wannan aiki.

YADDA AKE YI A AMURKA

A Amurka ne wannan zamba ta fi yin suna, kuma yana da kyau a san yadda take tafiya a can, domin ita ce uwar wadda ake yi a nan. Sai a aiko wa mutum wasiƙa da cek a ciki, a ce an ɗauke shi aiki. Misali cek na Dala 2,000. A ce ya sa a bankinsa, ya riƙe Dala 300 ladansa, sauran kuwa ya je ya "gwada" wani ofishin aika kuɗi, ya aika su da sunan wane a gari kaza, ya rubuto ko ma'aikacin ya yi masa fara'a. Ko kuwa a ce ya sayi katunan sayayya irin na iTunes da Google Play, ya kankare bayansu, ya turo hoton lambobin. Lambar nan kuwa ita ce kuɗin. Duk wanda ya same ta ya gama.

Inda gizo yake saƙa shi ne dokar Amurka ta tilasta wa banki ya saki kuɗin cek cikin 'yan kwanaki, alhali kuwa gano cewa cek na jabu ne yana iya ɗaukar makonni. Mutum ya duba asusunsa ya ga kuɗi, sai hankalinsa ya kwanta, ya aika. Ran da asiri ya tonu, banki ya janye kuɗinsa duka, shi kuwa abin da ya aika ya tafi ke nan. Ashe tun farko kuɗin aljihunsa ya tura.

Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, FTC, ta ce a shekarar 2019 kaɗai an kai mata ƙarar zambar cek na jabu fiye da 27,000, da asarar da ta haura Dala miliyan 28. A 2017 kuma kamfanin aika kuɗi na Western Union ya amince ya biya Dala miliyan 586 a wani sulhu da hukumomin ƙasar, saboda sakacin da ya bar macuta suna karɓar kuɗi ta hanyarsa. A shekarar nan ta 2017 wata kotu a Jihar Misisifi ta ɗaure waɗansu 'yan Nijeriya uku, ɗaya shekara 115, ɗaya 95, ɗaya 25, a kan zambar intanet wadda ta haɗa da cek na jabu da alkawarin aikin ƙarya.

SALON DA YA ISO NAN

A Nijeriya cek ba ya yawo a hannun talakawa, saboda haka macuta suka sake salo. Na farko shi ne kuɗin rajista. Za a ce mutum ya ci jarrabawa, alhali bai zauna kowace jarrabawa ba, sai dai ya biya kuɗin fom, ko na katin shaida, ko na horo. Kuɗin ba su da yawa, don kada ya tsaya shawara. Yana biya sai a fito da wani, har ran da ya gaji, sa'an nan a toshe lambarsa.

Na biyu shi ne alat na ƙarya, wanda masu sana'ar POS suka daɗe da saninsa. Saƙo ya shigo waya kamar daga banki, cewa an zuba Naira kaza. Sai "manaja" ya bugo ya ce a hanzarta a je a gwada wani mai POS, a tura kashi uku cikin huɗu zuwa wata lamba. Wanda bai buɗe asusunsa ya gani da idonsa ba, nasa zai tura. Wannan shi ne cek na jabu ya canza riga.

Na uku kuwa shi ne ya fi cin mutane a yanzu. Za a sa mutum cikin wani rukuni a Telegram, a ce aikinsa shi ne yaba kaya ko otal a intanet, ya danna nan ya danna can. Ran farko a biya shi ɗan wani abu, kuɗi na gaske su shigo. To, wannan shi ne hatsin da ake watsa wa tsuntsu a bakin tarko. Kashegari sai a ce akwai babban aiki, amma sai ya "sayi" kayan da kuɗinsa tukuna, a mayar masa da riba. Ya sa dubu goma, allon waya ya nuna masa dubu goma sha uku. In ya nemi cirewa sai a ce saura mataki ɗaya, ya ƙara. Sauran mutanen rukunin da ke ta godiya suna nuna hotunan kuɗi, galibinsu na macutan ne. Wannan salo ba a nan kaɗai yake ba: FTC ta ce cikin wata shida na farkon 2024 an kai mata ƙara wajen 20,000 a kansa, alhali a dukan 2023 wajen 5,000 ne.

WANDA SUNANSA KE KAN ASUSU

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. Wani lokaci kuɗin da za su shigo asusun mutum na gaske ne, ba a kuma nemi ko kwabo daga gare shi ba. Aikinsa kawai ya karɓa, ya cire ladansa, ya tura sauran gaba. Yana ganin ya sami banza, bai san kuɗin sata ake wankewa ta hannunsa ba. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa.

Tun 2014 da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, asusun banki yana ɗaure da hoton mai shi da zanen yatsunsa. In wanda aka sace wa kuɗi ya kai ƙara aka bi sawu, ba kan "manajan" da ke Telegram za a fara sauka ba, domin shi ba a san fuskarsa ba. Kan mai asusu za a sauka. Za a rufe asusun, da ɗan abin da ya tara na guminsa a ciki, sa'an nan ya yi bayanin inda ya san waɗanda ya tura wa. Dokar hana zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Akwai kuma dokar hana wanke kuɗin haram ta 2022. Ko da daga baya kotu ta gane mutum bai san komai ba, baƙon da ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa a garin da ba nasa ba, ya riga ya sha wuya.

Kada kuma a ce ai wannan yana da ofis da tebur da kwamfuta, saboda haka na gaskiya ne. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani dogon gini a Victoria Island ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40, bisa zargin zambar intanet. Mafi yawan sauran samari ne 'yan Nijeriya da aka ɗauka a matsayin ma'aikata.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Alama ta farko, aikin ne ya zo neman mutum, ba shi ya je nema ba. Kamfanin kirki ba ya bin lambobin waya da dare yana rabon aiki.

Ta biyu, lada ya fi ƙarfin wahala. In aikin rabin sa'a zai kawo abin da lebura ba ya samu a mako, to akwai lauje cikin naɗi.

Ta uku, ana neman kuɗi kafin a fara, ko da wane suna aka kira su. Mai ba da aiki shi ke biya, ba shi ake biya ba.

Ta huɗu, ana so kuɗi su ratsa ta asusun mutum zuwa wani wuri, ko a sayi katin waya ko katin sayayya a tura lambobinsa.

Ta biyar, ana tambayar lambar sirri ta katin ATM, ko 'yar lambar nan da banki yake turowa waya lokacin cire kuɗi. Ko ma'aikacin banki ba shi da ikon tambayar waɗannan.

Ta shida, gaggawa da ɓoyo. Za a ce gurbi ɗaya ya rage, a biya kafin la'asar. Za a kuma ce tun da aikin na sirri ne, kada a gaya wa kowa, ko da ma'aikacin banki ya tambaya. Nan ne suka fi yin wayo, domin sunan aikin da kansa ya ba su hujjar hana mutum shawara. Alhali a aikin gaskiya, yaron kanti kaɗai ake ɓoye wa, ba yayan mutum ko maigidansa ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wanda irin wannan saƙo ya zo masa, kada ya amsa a ranar. In ba ya jin Turanci sosai, ya kai wa wani amintacce ya karanta masa tun daga farko har ƙarshe. A nemi sunan kamfanin a rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda ake iya dubawa ta intanet. Amma samun sunan bai isa ba, domin macuta sukan ari sunan kamfanin gaskiya da tambarinsa. Sai a nemo lambar kamfanin ta wata hanya daban, ba wadda ke cikin saƙon ba, a buga a tambaya, ko kuwa a taka a je ofishinsu. A kuma dubi sunan da ke kan asusun da aka ce a biya: kamfani ba ya karɓar kuɗi da sunan wani mutum guda.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa nan take ya kai ƙara a rubuce, domin da zafi-zafi ne ake iya tare kuɗi kafin a kwashe su. Kada ya goge saƙonnin da lambobin, su ne shaidarsa. Ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, in kuwa banki ya ƙi kula shi, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Banki. Ya kuma yi hattara da wanda zai bugo daga baya ya ce zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya wani abu. Sau da yawa su ne dai suka komo.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa a Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabon Badun su ma suna da nasu aikin. Yaron da ya sauko daga mota jiya da 'yar jakarsa da waya a hannu, bai san kowa ba sai su. Jan kunne na minti biyu bayan sallar Juma'a yana iya tsare masa kuɗin motar komawa gida, ya kuma tsare masa sunansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.