Tafkin Baikal: Inda Ruwa Ke Zama Titin Mota A Ƙarshen Hunturu

Idan aka ce ruwa ya daskare har mota ta hau kansa ta yi tafiyar kilomita goma sha wani abu, wanda ya saba da zafin Legas ko Fatakwal zai ɗauka tatsuniya ce. Amma haka rayuwa take a tafkin Baikal da ke yankin Siberiya na ƙasar Rasha, musamman a watannin Fabrairu da Maris.

Baikal shi ne tafki mafi zurfi a duniya, zurfinsa ya kai mita 1,642. Yakan fara daskarewa a watan Janairu, ƙanƙarar ba ta narkewa gaba ɗaya sai wajen Mayu. Zuwa Maris kaurinta kan kai mita ɗaya, wani wurin ma ya zarce, kuma garau take kamar gilashi, mutum na tsaye yana hango duwatsu a ƙasan ruwa inda ba zurfi.

Mazauna tsibirin Olkhon su suka fi kowa sanin darajar wannan lokaci. Da zarar ruwa ya fara kamewa sai jirgin fito ya tsaya. Daga nan sai a jira ƙanƙara ta yi ƙwari, hukuma ta auna kaurinta, ta kafa alamu, sannan a buɗe hanyar mota zuwa tsibirin. Tsawonta kusan ɗaya da gadar Third Mainland. Ta nan ake shigo da abinci da man fetur da kayan gini, ta nan kuma baƙi masu yawon buɗe ido ke kwarara, waɗanda da su masu masauki da direbobin garin Khuzhir ke cin abinci.

Dokar hanyar za ta ba direbanmu mamaki. Ba a gudu, ana barin tazara tsakanin motoci, kuma ana so mutum ya kwance bel, ya bar ƙofa ba a kulle ba. Dalili? In ƙanƙara ta fashe, daƙiƙoƙi kaɗan gare ka ka fice.

Wasanni ma a wannan lokacin suke kankama. Tun shekarar 2005 ake yin gasar gudun famfalaki ta kilomita 42 a kan tafkin, inda masu tsere ke tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wasu na zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa, wasu na hawan keke, masunta kuma su huda rami su zauna da ƙugiya cikin ɗan tanti. Kifin da aka fi sani a can shi ne omul, sai dai tun 2017 gwamnati ta hana kama shi don kasuwanci saboda ya ragu. A daidai lokacin ne kuma wata dabbar ruwa da ake kira nerpa ke haihuwa a cikin ramukan dusar ƙanƙara.

Abin ba yau ya fara ba. A 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, layin dogo aka shimfiɗa a kan ƙanƙarar, dawakai na jan taragai.

To, ina haɗarin yake? Ƙanƙarar ba ta zama wuri ɗaya. Da rana ta buɗe, da dare ta tsuke, sai ta tsage da ƙara kamar tsawa, tsagar kuma takan yi tsawon kilomitoci. Abin da ya fi muni, idan rana ta fara zafi a ƙarshen Maris, ƙanƙarar takan rube daga ciki, ta zama kamar allurai a jere. Kauri na nan, ƙarfi babu. Shi ya sa hukumomi ke rufe hanyar tun ido na ganin kamar lafiya lau take.

Yawancin motocin da ke nutsewa kuwa ba a kan hanyar hukuma suke faɗawa ba. Direba ne zai ga ya san wuri, ya yanke ta gefe don ya rage tafiya ko ya kai baƙi wurin ɗaukar hoto. Ruwan da ke ƙasa sanyinsa dab yake da daskarewa, kuma cikin 'yan mintoci yake kashe wa mutum hannu da ƙafa.