Rijiyoyin Lorca da ƙasar da ta motsa

Da yammacin 11 ga Mayun 2011 ƙasa ta girgiza a Lorca, wani gari a kudu maso gabashin Sifaniya. Ƙarfin girgizar 5.1 ne kacal, amma mutum 9 suka rasu, hasumiyar wata coci ta rufto, dubban iyalai suka kwana a waje. Ɓarnar ta yi yawa ne saboda motsin ya taso daga kusa da doron ƙasa, 'yan kilomitoci kaɗan ƙarƙashin gidajen mutane.

A 2012, Pablo González da abokan bincikensa suka fitar da rahoto a mujallar Nature Geoscience, suka nuna yatsa ga rijiyoyin burtsatse. Yankin na noman rani ne, kuma tun daga 1960 ruwan ƙarƙashin ƙasarsa ya ja baya da kusan mita 250. Sun gano cewa inda tsagin dutsen Alhama de Murcia ya fi zamewa ya yi daidai da inda raguwar ruwan ta fi sauya nauyin da ke kansa.

Zuƙe ruwa yana taɓa ƙasa ta hanya biyu. Ta farko, ruwan da ke maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi da yumɓu yana tallafe da wani kaso na nauyin da ke sama. Idan aka janye shi, yumɓun sai ya danne, ƙasa ta nitse a hankali, gini ya tsage, bututu ya karye. A kwarin San Joaquin na Kalifoniya, masani Joseph Poland ya tsaya gindin wani dogon turken waya aka ɗauke shi hoto: allon da aka rubuta 1977 yana ƙafarsa, na 1925 kuwa yana can sama da kusan mita 9, daidai inda doron ƙasar yake a da. Wannan ce ɓarnar da ta fi tayar mini da hankali, don yumɓun da ya danne ba ya sake buɗewa ko da damina ta yi albarka. Ma'ajiyar ruwan kanta ce ta tsuke.

Ta biyun kuwa nauyi ne. Mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na ruwa tan guda ne cur. A kwashe biliyoyin tan daga kwari ɗaya, dutsen ƙasa zai ɗan ɗago, kamar katifar da aka tashi daga kanta. Wani bincike na 2014 ya nuna duwatsun da ke kewaye da babban kwarin Kalifoniya suna ɗagowa milimita 1 zuwa 3 a shekara, abin da ke sassauta matsin da ke riƙe da tsagin San Andreas.

Sai dai a yi adalci: injin ban ruwa ba shi ke tara ƙarfin girgiza ba. Wannan ƙarfi ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana taruwa, kuma Lorca ta sha girgiza tun kafin zuwan burtsatse. Abin da ɗibar ruwa ke iya yi shi ne matso da ranar girgizar, kuma har yanzu masana na muhawara a kan girman rawar da ta taka a can.

Maganar ta iso gida a Satumban 2018, da ƙasa ta motsa a Mpape da ke Abuja. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ambaci haƙar burtsatse barkatai cikin abubuwan da yake zargi, ya kuma nemi a sa wa haƙar ƙa'ida.